Ku Tambayi Likita: Me ya sa ciki ke birkicewa duk sanda aka yi tafiya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Tunda aka rufe makarantu a nan Saudiyya aka fara haramar tafiya gida, saƙonnin da ke shigo min kusan duk maganar ciki ce, shi ya sa na haɗa masu kama da juna wuri ɗaya. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam likita ya aiki ya iyali. Ni a Makka nake zaune wajen Sharar Mansur, yarana uku duk a nan aka haife su, toh duk hutun da muka je Kano wlh ba ma kwana uku sai su fara gudawa, ƙaramin har da amai, alhali 'ya'yan ƙanwata da suke cin kwano ɗaya da su ko gezau. Surukata tace canjin ruwa ne zai wuce, wata maƙwabciya kuma tace bakin mutane ne don an ga yaran sunyi ɓul-ɓul. Ni kaina da aka haifa a Kanon yanzu sai cikina ya yi sati yana ƙugi. Dan Allah meye gaskiyar abin, kuma bana ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Surukarki ta kama bakin zaren, canjin ruwa ne, sai dai abin da ke cikin ruwan shi ne maganar. Cikin kowane ɗan adam, musamman babban hanji, cike yake da ƙananan halittu da ido baya gani wato bakteriya, wani lissafi da masana suka fitar a 2016 ya nuna a jikin babban mutum sun kai wajen tiriliyan 38, amma in aka tara su gaba ɗaya nauyinsu bai fi giram 200 ba. Yawancinsu ba cuta bane, aiki suke mana, su ke narka dusar hatsi da zaren ganye da cikinmu bai iya narkawa da kansa, suna samar da bitamin K, suna koya wa garkuwar jiki wa za ta yaƙa wa za ta ƙyale, sannan kuma suna tare wuri. Kin dai san gidan haya a Makka lokacin Hajji, in ko'ina cike yake har baranda, baƙon da ya zo da jakarsa baya samun inda zai yi shimfiɗa sai dai ya wuce gaba. Toh haka hanji mai lafiya yake wa muguwar ƙwaya.

Amma kowane gari da irin nasa ƙwayoyin. Wadda ta fi jawo gudawar matafiya wani nau'i ne na E. coli da ke manne wa ƙaramin hanji ya saki dafi, dafin kuma ya sa hanjin ya dinga tsiyayo ruwa maimakon ya tsotse shi. Akwai su Shigella mai kawo atuni, da Salmonella, da Campylobacter da ke yawan zuwa ta kazar da bata dahu ba, da bairos irin su noro. 'Ya'yan ƙanwarki sun haɗu da waɗannan tun suna rarrafe, jikinsu ya gane su. Kuma kar ki ɗauka a banza suka samu wannan ƙarfin, da gudawar da suka sha suna jarirai suka biya, wasu yaran ma basu tsallake ba, don Hukumar Lafiya ta Duniya tace gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da dubu 400 duk shekara. Shi ya sa raina ke ɓaci in naji ana cewa a bar yaro ya sha komai ai zai saba. Ke kuma da kika daɗe a nan, wannan sabon baya dawwama, in jiki ya yi shekaru bai haɗu da ƙwaya ba sai ya fara mantawa, kin koma kusan baƙuwa a garinku ta fannin ciki.

Ana yawan cewa wai zafin ƙasashenmu ne. A watan Yuli Makka ta fi Kano zafi nesa ba kusa ba, amma a Kano yaran ke kwanciya. Bambancin yana wajen ruwan sha, da inda bahaya ke zuwa, da firjin da wuta ke ɗaukewa ya wuni a kashe da miya a ciki. Ga shi hutun makarantun nan yana faɗowa tsakiyar damina, lokacin da ruwan sama ke kwaso ƙazantar kwata da masai ya zuba a rijiya da fasassun bututu. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa cikin matafiya 10 da suka je irin waɗannan wurare na sati biyu, daga 3 zuwa 7 na yin gudawa, ya danganta da wurin da kuma lokacin shekara.

Abin yi bana, ruwa shi ne farko. A tafasa shi sai ya yi ɓararraka na minti ɗaya, a zuba a abu mai murfi, da shi za a wanke fida da kofin ƙaramin har da buroshi. Ƙanƙara ki ɗauke ta a matsayin ruwan da baki san daga ina ya fito ba, haka zoɓo da kunun aya da lamurje na ƙulli, haka yankakkiyar kankana da abarba da ke kan faranti ƙuda na sauka yana tashi. Abin da ya sauko daga wuta yana turiri kuwa bismillah, tuwo da miya mai zafi, ƙosai daga kasko, waina daga tanda, ayaba da lemon da kika ɓare da hannunki. Tsire in ya huce a takarda a mayar da shi wuta. Fura a dama ta da nonon da aka tafasa ko yogot na kanti.

Na san inda gizo ke saƙar, in kika karɓe abin da kaka ta miƙo wa jikanta za a ce 'yar Makka ta zo da iyayi. Kar ki ware yaranki, ki sayi babbar tukunya ki tafasa wa gidan gaba ɗaya, ki samu surukarki a ɗaki ki ce Mama likita ce tace cikinsu bai saba ba, ki taya ni sa ido. In aka ba tsohuwa girmanta ita za ta fi ki tsare su. Maganar baki kuma, addu'a da azkar ki riƙe su da kyau, ki haɗa da sabulu a bakin banɗaki.

Kafin ku tashi ki shiga saidaliyya wato kantin magani ki sayi ORS, garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc ki sa a jaka. In ya ƙare a can, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, kar a ƙara gishirin da sunan ya fi ƙarfi. A dinga bawa yaro kaɗan-kaɗan bayan kowace fita, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Zinc na kwana 10 zuwa 14 ne ko da gudawar ta tsaya. Nono kar a yanke, abinci ma kar a hana, lemon kwalba kuma ƙara gudawar yake. Amma in kika ga jini a kashi, ko zazzaɓi mai zafi, ko idon yaro ya faɗa, ko ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi baya iya sha, ko kashin ya zama fari tsululu kamar ruwan shinkafa wanda alamar kwalara ce, toh asibiti a take ko da tsakar dare ne. Ki kuma kai su mustausaf wato ƙaramin asibiti sati biyu zuwa huɗu kafin tafiya a duba katin rigakafinsu, a yi maganar allurar taifot da maganin kariyar maleriya.

TAMBAYA: Salam Dakta, ni direba ne a Riyad. Duk sanda zan tafi ijaza wato hutu gida tun a jirgi nake fara shan Cipro da Flagyl, in na sauka in ƙara da ja da yalo, kuma gsky ban cika yin gudawa ba. Bana mai saidaliyya ya hana ni wai sai da takardar likita. Akwai wani da zan saya a madadinsu?

AMSA: Ɗan'uwa babu, kuma mai saidaliyyar nan alheri ya maka. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsananta dokar hana sayar da antibayotik ba takarda, tarar tana iya kai wa riyal dubu 100, kaga ba zai saka kansa a uku don kai ba.

Amma ko da an sayar maka ina roƙonka ka bari. Waɗannan magungunan basu san na gida basu san baƙo ba, duk wanda suka iya kashewa kashe shi suke. Wani bincike a jami'ar Stanford ya bi cikin mutanen da suka sha Cipro, cikin kwana uku zuwa huɗu ire-iren bakteriyar hanjinsu suka ragu, kuma bayan watanni ba duka suka dawo yadda suke ba. Flagyl kuwa ko taɓa E. coli mai kawo gudawar matafiya baya yi, aikinsa a kan wasu 'yan halittu ne da ake kira amiba da giyardiya, da kuma bakteriyar da basa son iska, su kuma marasa son iskar nan su ne mafi yawan masu amfanin da ke babban hanjinka. Wato kana sauka a filin jirgin Kano da hanjin da ka share da hannunka, kuma ƙwayar da za ta fara samun wurin zama ita ce wadda maganin da kake sha baya yi mata komai.

An gwada wannan. A Finlan an bi matafiya 430, aka duba kashinsu kafin tafiya da bayan dawowa, sakamakon ya fito a 2015. Abin da ake nema shi ne bakteriya masu ESBL, wani sinadari ne da suke fitarwa yana lalata magunguna dangin penisilin har da allurar ceftriaxone, wadda a gida aka fi sani da Rocephin. Cikin waɗanda suka je Kudancin Asiya, wato su Indiya, wanda bai yi gudawa ba bai kuma sha antibayotik ba kashi 23 cikin 100 ne suka dawo da ita, wanda ya yi gudawa bai sha antibayotik ba kashi 47, wanda ya yi gudawa ya kuma sha antibayotik kashi 80. Ka sake duba lissafin nan da kyau. Kuma abin da ya fi tada hankali, bakteriya na miƙa wa junansu wannan dabara ta ƙin jin magani, baƙuwa ta shigo ta koya wa 'yan gida.

Ba za ka ji komai a jikinka ba a lokacin, shi ya sa kake ganin dabararka na aiki. Ranar da za ta nuna kanta ita ce ranar da ka samu ciwon mafitsara ko aka maka tiyata, a ba ka maganin da aka saba ya ƙi ci, a canja ya ƙi ci, sai an kwantar da kai ana ɗura mai tsada ta jijiya. Ina ganin irin wannan a wajen aiki kuma ba abin da zan so wa kowa bane, balle mutumin da ke nema wa iyali abinci a ƙasar wasu.

Yawancin gudawar tafiya tana tsayawa da kanta cikin kwana uku zuwa biyar, ruwan ORS kawai take so. In doguwar mota ce a gabanka, misali Kano zuwa Maiduguri, babba zai iya shan loperamide ya riƙe ciki, da sharaɗin babu jini babu zazzaɓi, yara ƙanana kuma ba a basu. In akwai jini ko zazzaɓi ko ta kayar da kai, nan ne antibayotik ke da wuri, likita ne zai zaɓa, sau da yawa azithromycin na ɗan gajeren lokaci. Ja da yalon nan da ake ɓarewa a zuba a lemo, dan Allah ka rabu da shi.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Na raka mahaifina Indiya aka masa aikin ƙoda, mun yi wata ɗaya da rabi ina kwana da shi a asibiti, yanzu mun dawo Jidda. Wani abokina yace duk wanda ya je can yana dawowa da ƙwayar da bata jin magani, ga matata da tsohon ciki. Hankalina ya tashi, in je a wanke min ciki ne?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kuma saka maka da alheri kan jinyar da ka yi. Abokinka ya faɗi wani abu na gaskiya amma ya ƙara gishiri. Wani babban bincike a ƙasar Holan ya bi matafiya 2,001, aka wallafa a 2017, kashi 34 cikin 100 sun dawo da bakteriya masu ESBL, waɗanda suka je Kudancin Asiya kashi 75, waɗanda suka je Afirka ta Yamma kusan mutum 1 cikin 5. Kwana a asibiti kuma yana ƙara yiwuwar ɗauka, har da masu taurin kai fiye da ESBL, irin NDM-1 da aka fara ganowa a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya taɓa kwanciya asibiti a Delhi.

Ga inda za ka samu natsuwa. Ɗauke da ƙwayar a hanji ba ciwo bane. A binciken nan rabin mutanen sun rabu da ita cikin kwana 30 ba tare da sun sha komai ba, bakteriyar hanjinsu 'yan gida ne suka sake cika wurin suka ture ta, kashi 11 ne kawai suka kai shekara da ita, yiwuwar shafa wa wani a gida kuma wajen kashi 12. Babu maganin wanke ta, masu wankin ciki da kayan ɗaci ko antibayotik ƙara mata wurin zama kawai za su yi. Abin da ke hannunka shi ne sabulu bayan banɗaki da kafin taɓa abinci, buta da ruwa kaɗai basu isa ba, tawul ɗin kowa daban, in banɗaki biyu ne a gidan a bar wa Hajiya ɗaya. Sannan duk likitan da zai duba Baba ko kai ko ita cikin shekarar nan, har ranar haihuwa, ku faɗa masa an kwanta asibiti a Indiya ko bai tambaya ba, don in wani ya yi ciwon fitsari ko zazzaɓi a yi gwajin noman ƙwayar a gano maganin da ke cinta tun farko. Baba ya fi kowa buƙatar wannan.

Mutanen Makka da Madina ma su sani, ku ba sai kun je ko'ina ba, duniya ce ke zuwa muku. An duba alhazan Faransa da suka taso daga Marsel a 2013 da 2014, aka samu da yawansu sun koma gida da irin waɗannan ƙwayoyi da basu zo da su ba. Masu aikin abinci da tura keke lokacin Hajji ku riƙe wanke hannu.

TAMBAYA: Anti likita ni nawa akasin na mutane ne. Daga Gadarif muka zo Jidda bayan yaƙi ya ɓarke, tunda na zo sai in kwana uku ban zaga ba, ciki a kumbure, ga ƙiba ina yi. A Sudan ban san wannan ba.

AMSA: Ƙanwata sannu da hanya, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Ki tuna me kike ci a Gadarif, kisra da asida na dawa, miyar waika, wake, ganye. A nan kuma na tabbata shinkafa ce fara da kaza, burodi, buros wato soyayyar kaza, lemon gwangwani, ga zaman ɗaki cikin AC ba tafiya ba shan ruwa. Bakteriyar da suka saba cin dusar dawa yunwa suke ji. A 2010 an kwatanta yaran wani ƙauye a Burkina Faso masu cin gero da dawa da wake da yaran birnin Fulorans na Italiya, aka samu cikin yaran ƙauyen ya fi yawan ire-iren bakteriya, musamman wata mai suna Prevotella gwanar narka zaren tsiro. A 2018 kuma aka bi 'yan ƙabilun Hmong da Karen da suka ƙaura daga Tailan zuwa Minesota a Amurka, cikin watanni Prevotella ta fara ja da baya wasu suka maye gurbinta, kuma iya daɗewar mutum a can iya raguwar ire-iren. Abincin da muke rainawa muna ce masa na talaka shi ke riƙe da cikinmu.

Garin dawa da gero da kuka da busasshiyar kuɓewa duk ana samu a shagunan 'yan Sudan da na mutanenmu a Jidda. Ki dawo da kisra ko tuwo ko sau uku ne a sati, da safe ful ko adas wato dangin wake, dabino, laban wato nono, ruwa sosai, ki ɗan taka bayan magariba. A hankali za ki ƙara, in kika loda wake rana ɗaya iska za ta dame ki. In an yi wata ba canji, ko kika ga jini, ki je a duba har da maƙoshi wato tayirod.

TAMBAYA: Likita wata ɗaya kenan da dawowata Madina daga Zariya amma har yau cikina bai daidaita ba, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kashi mai kumfa, na rame. Kafsol ɗin bakteriya masu amfani da ake talla zai taimaka?

AMSA: Malam gudawar da ta wuce sati biyu ta fita daga layin gudawar matafiya ta yau da kullum, kuma yadda ka kwatanta ɗin nan giyardiya nake fara zargi, wata 'yar halitta ce da ake sha a ruwa ta manne a ƙaramin hanji ta hana shi tsotse maiƙo. Ka kai kashi a gwada, wani lokacin sai an kai sau biyu ko uku a ranaku daban kafin a ganta. In ita ce, nan ne Flagyl ko tinidazole ke da aiki na gaskiya, a hannun likita. Ka ɗan jingine madara na wasu makonni don hanjin da ya ji rauni baya iya narka sukarinta, zabadi wato yogot ya fi sauƙi. Wasu kuma gwaji na fitowa lafiya lau amma ciki ya ci gaba da murɗawa na watanni, irin abin da Larabawa ke kira gaulun, shi ma yana biyo bayan gudawa mai tsanani kuma yawanci yana lafawa. Kafsol ɗin da ka tambaya hujjar amfaninsa a nan bata da ƙarfi, ba zai kashe giyardiya ba, kuɗin ka kai su wajen gwaji. In kuma zazzaɓi ya shigo ko na dare ɗaya ne, kar ka jira na ciki, ka je gaggawa ka ce musu daga Najeriya ka dawo a maka gwajin maleriya ranar, don likitocin nan ba kullum take zuwa musu a rai ba sai an faɗa.